Kintsugi: amsoshin tambayoyin da ake ta yi min kan gyaran tangaran da zinare

Tun ranar da baƙi suka hango wani kofin shayi a kabad ɗin falona mai siririn layin zinare daga baki har gindi, tambayoyi ba su ƙare ba, wani a waya, wani a wajen ɗaurin aure ya ja ni gefe, wata ƴar uwata ma har da aiko min fasasshen faranti a leda. To na ce bari in zauna in haɗa su waje ɗaya. Ɗan abin da na iya na koye shi ne lokacin da nake karatu a Japan, wajen wata dattijuwa da take koyarwa duk Asabar a bayan shagonta, kuma har yau ina taɓawa a gida in na samu kayan aiki.

Wai menene kintsugi ɗin nan ne?

Sana'a ce ta mutanen Japan ta gyara tangaran ko kwanon ƙasa da ya fashe, a haɗa shi ya koma aiki, sannan a bi layin tsagar da garin zinare. A yarensu kin shi ne zinare, tsugi kuma haɗawa. Wasu suna cewa kintsukuroi, duk abu ɗaya ne. In da azurfa aka gama sai a ce gintsugi.

Yaya, narka zinaren ake yi a zuba a cikin tsagar?

A'a wallahi, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimta, don kusan kowa haka yake zato, har da ni kafin in gani da idona. Ba a kunna wuta ko sau ɗaya a aikin nan. Zinare sai ya haura digiri 1,000 yake narkewa, in ka zuba shi a jikin kofi ai ƙarasa shi za ka yi, kuma ko da bai fashe ba zinare ba ya kama tangaran, ba gam ba ne. Abin da yake riƙe kwanon wani danƙon bishiya ne da ake kira urushi. Shi ne gam ɗin, shi ne cikon, shi ne fentin. Zinaren gari ne mai laushi kamar hoda da ake barbaɗawa a rana ta ƙarshe a kan layin da bai gama bushewa ba, kaurinsa bai kai na takarda ba. In ka kankare shi da farce mai ƙarfi za ka tarar da jan layi a ƙasa, ƙasan jan kuma baƙi, ƙasan baƙin cikon ƙasa, can ciki kuma gam ɗin. Duk wahalar watanni tana ƙarƙashin nan inda ido ba ya gani. Malamata ba ta bari mu taɓa kwalbar zinare sai da muka yi wata biyu muna goge ciko da gawayi, lokacin na ga kamar ta matsa mana, daga baya na gane in layin ƙasa yana da ƙwarzane ko ɗan tudu, zinaren ba ya rufe shi, ƙara fito da shi yake yi.

To shi urushi ɗin daga ina yake?

Daga wata bishiya da take fitowa a Japan da Chaina da Koriya, dangin mangwaro da kashu ce. Ana barin ta ta yi wajen shekara 15 kafin a fara tatsa. Mai tatsar yana tsaga bawon da wata lanƙwasasshiyar wuƙa, danƙon ya tsattsafo fari-fari kamar madara, ya kwashe da ɗan cokali, bayan kwana huɗu ko biyar ya dawo ya ƙara wata tsagar a saman ta farko, haka daga watan Yuni har wajen Oktoba. Duk wannan zirga-zirgar, abin da bishiya ɗaya take bayarwa bai wuce gram 200 ba, kwatankwacin kofi guda, kuma a yadda aka saba yi a Japan in kakar ta ƙare sare bishiyar ake yi, sabon tsiro ya taso daga saiwar, a sake jiran wasu shekarun. Shi ya sa yake da tsada.

Mafi yawan wanda Japan take samarwa da kanta daga Joboji yake fitowa, a lardin Iwate can arewa, amma bai isa ko'ina ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda suke amfani da shi shigo da shi ake yi, akasari daga Chaina. A 2015 hukumar kula da al'adu ta ƙasar ta fitar da tsarin cewa gyaran gine-ginen tarihi na ƙasa a riƙa yin sa da urushi na gida, wannan ya ƙara sa na Joboji ya yi wuyar samu ga ƙananan masu sana'a. Kuma abin ba sabo ba ne a wajensu, an tono kayan da aka shafa wa urushi a Kakinoshima da ke tsibirin Hokkaido waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 9,000, kuma tun zamanin nan da suke kira Jomon ana liƙe fasassun tukwane da shi. Wato liƙin ya girmi zinaren da dubban shekaru.

Me ya sa na ga ana saka kwanon a akwati da jiƙaƙƙen tawul? Ba rana ya kamata a shanya shi ba?

Nan ne abin yake da ban mamaki. Urushi ba ya bushewa irin na fenti, wato ruwa ya tashi ya bar shi. Akwai wani sinadari a cikinsa da yake jawo iskar oksijin ya sandarar da danƙon, kuma sinadarin ba ya aiki sai da laima da ɗumi, laima kamar kashi 70 zuwa 85 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 20 da 30. In ka shanya shi a busasshiyar iska sai ya yi ta zama da danƙonsa. Akwatin sunansa muro, na masu sana'a na katako ne, na gida kuwa kwali ma ya isa, ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka ɗora jiƙaƙƙen tawul, ka rufe.

Na ga wannan a aikace shekarar da na dawo gida. Wani kwanon tangaran na Hajiyarmu ne, cikin kayan jerenta na aure, mai furanni shuɗi a baki, ya rabe uku. Na haɗa shi a watan Janairu ana tsakiyar hunturu, na sa a kwali da tawul yadda na saba, ban yi lissafin cewa iskar hunturunmu tana busar da tawul cikin ƴan awanni ba. Bayan sati biyu na ɗauko na ɗan matsa, sai na ji yana motsi a hannuna, gam ɗin ciki yana nan laƙaƙa kamar ranar da na shafa. Raina ya ɓaci sosai don na riga na yi mata alƙawari. Sai da na kankare komai na jira damina, a watan Agusta na sake, wannan karon cikin kwana goma ya kama ƙam. Yanzu in dole zan yi aiki da rani, robar da take da murfi nake sawa, da ɗan agogon auna laima a ciki, ina duba tawul safe da yamma.

Dan Allah a yi mana bayanin yadda ake yi tun daga farko

To. Da farko a wanke gutsattsarin tas su bushe, a gwada haɗa su ba gam don a san wanne ke bin wanne, don in ka shafa gam sannan ka fara neman wajen kowanne ka shiga uku. Ana ɗan goge kaifin bakin tsagar kaɗan da ƙaramar zarto mai laushi, saboda a samu ɗan kwari da urushi zai zauna. In jikin kwanon ba shi da ƙyalli, mai shan ruwa ne, a rufe gefe da gefe da salatif, in ba haka ba tabon urushi ya shiga ba ya fita har abada.

Sai gam, sunansa mugi-urushi. Garin fulawa ne, a ɗiga ruwa a murza ya zama kamar ƙullin burodi, sannan a riƙa zuba ɗanyen urushi ana murzawa da ɗan katako a kan gilashi. Yadda za ka san ya yi, ka ɗaga katakon, in ya biyo shi yana miƙewa kamar cingam bai tsinke da wuri ba to ya yi. Launinsa yana farawa kamar madara da shayi, kana kallo yana komawa ruwan ƙasa don iska ta fara taɓa shi. A shafa siriri a ɓangarorin biyu, a matse da ƙarfi har ya ɗan tsattsafo, a ɗaure da salatif, a ajiye sati biyu, wani lokacin har wata.

In akwai rami babba ana cike shi da kokuso, wato wannan gam ɗin da aka ƙara wa garin katako, kaɗan-kaɗan, in ka cika da yawa lokaci ɗaya saman ya sandare cikin ya ƙi. Ƙananan ramuka da ƙwarzane kuma sabi ake sawa, garin wata ƙasa mai laushi da suke kira tonoko, da ruwa da urushi. Ya bushe, a goge da gawayi mai laushi da ruwa, a shafa yatsa, in an ji gargada a ƙara sabi, a sake gogewa. Wannan matakin shi ne yake cin mutum, za ka iya maimaita shi sau uku sau huɗu a layi ɗaya. Gawayi ake so don yana cin cikon amma ba ya ƙwarzane ƙyallin tangaran ɗin.

Daga nan a ɗauki siririn buroshi a ja layin baƙin urushi a kai, a sa a muro, a goge, a sake ja. Na ƙarshe shi ne jan urushi da ake kira bengara, an haɗa shi da jan garin ƙarfe, shi yake sa zinaren ya fito da ɗumi a ido. A ja shi siriri iya yadda za a iya, a jira kamar rabin awa ya fara kamawa, sai a dangwali garin zinaren da dunƙulen zaren siliki mai laushi a riƙa shafawa a hankali ana zagayawa. Wallahi duk sanda na zo wajen nan sai na riƙe numfashi, ba don komai ba, hucin hanci kaɗai ya isa ya watsar da garin. Kana gani jan layin yana ɓacewa zinare yana bin hannunka. In gari mai ɗan kauri aka sa, wanda suke kira marufun, ana ƙara shafa masa urushi a kai ya riƙe, sannan a goge shi ya yi ƙyalli da dutse mai santsi ko da haƙorin wani kifi da suke kira tai da aka ɗaura a bakin sanda. Buroshin kuma da man girki ake wanke shi, ruwa ba ya fitar da urushi.

Wata nawa yake ɗauka?

Wata biyu zuwa uku ga kofi ɗaya, in ya farfashe da yawa ya fi haka. Aikin hannun kansa ba yawa, minti ashirin yau, sai kuma wani satin. Jiran ne mai yawa.

Da gaske ne wani sarkinsu ne ya aika kwano Chaina aka dawo masa da shi da ƙusoshi, ransa ya ɓaci, daga nan aka ƙirƙiro kintsugi?

Labarin da yake yawo kenan, rabinsa yana da tushe. Mutumin shi ne Ashikaga Yoshimasa, shogun ne, wato shugaban mulkin soja, ya rayu daga 1436 zuwa 1490. Kwanon ma yana nan har yau a babban gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo, sunansa Bakohan, kore ne mai haske irin na Longquan, wani gari da ya shahara da koren tangaran, an yi shi a Chaina wajen ƙarni na 13, kuma ƙusoshin ƙarfe shida suna nan a jikinsa. Wani malami mai suna Ito Togai ya rubuta tarihinsa a 1727, ya ce kwanon ya tsage a gindi, Yoshimasa ya aika a samo masa irinsa, mutanen Chaina suka ce yanzu ba a iya yin mai kyansa, sai suka ɗinke shi da ƙarfe suka mayar. To amma a wannan rubutun darajar kwanon ƙaruwa ta yi, har aka raɗa masa suna saboda ƙusoshin sun yi kama da wani babban ƙwaro da ya sauka a kai. Zancen wai ya ji haushi ya sa a nemo wata hanya, ƙari ne da aka yi daga baya. Kuma ku lura, shi kansa rubutun an yi shi fiye da shekara 200 bayan mutuwar Yoshimasa.

Abin da ya fi tabbata shi ne Japan ta riga tana da masu liƙi da urushi, tana kuma da masu zane da garin zinare a kan akwatuna, sana'ar da ake kira maki-e, to da shan shayi na gargajiya ya bunƙasa a ƙarni na 16 da na 17 kwanukan shayi suka zama dukiya, sai sana'o'in biyu suka haɗu a kan kwano ɗaya.

Me ya sa ba sa ɓoye tsagar? Mu dai in an yi gyara so muke kar a gane

Dalili na farko na aiki ne, urushi in ya sandare ruwan ƙasa ne mai duhu, ba yadda za ka yi ya ɓace a jikin farin kwano, tunda dole za a gan shi gara a gyara shi ya yi kyau. Na biyu kuma daga masu shayin ne. Mutane irin su Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, sun koya wa manyan ƙasar son kwano mara ƙyale-ƙyale, mai ɗan karkata, wanda hannu ya daɗe yana taɓawa. A wajensu kwano yana da suna, yana da akwatinsa, ana rubuta waɗanda suka mallake shi ɗaya bayan ɗaya, to fashewa ma sai ta shiga cikin tarihin. Akwai wani kwanon Koriya mai suna Tsutsuizutsu da ake ba da labarin yaron gidan Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya sake shi ya rabe biyar, Hideyoshi ya fusata, wani bafade mawaƙi Hosokawa Yusai ya yi baiti nan take ya sa shi dariya yaron ya tsira, aka haɗa kwanon, yau yana cikin kayan tarihin da gwamnati ta yi wa rajista.

Wanda ni ya fi taɓa ni shi ne wani kwanon shayi mai suna Seppo, aikin hannun Hon'ami Koetsu da ya rayu 1558 zuwa 1637. Jan kwano ne, farin ƙyalli ya gangaro daga bakinsa, ya tsattsage tun a wajen gashi, maimakon a jefar sai aka cike manyan tsagogin da zinare, farin ya zama kamar ƙanƙara a kan dutse, layukan kuma kamar ruwan da yake gangarowa in ta narke, sunan ma ma'anarsa tsauni mai ƙanƙara. Yana gidan tarihin Hatakeyama a Tokyo. Tsagoginsa masu faɗi ne, ba irin siraran da ake gani a hotuna ba.

Suna kuma da wata kalma, mottainai, da ake faɗa in an ga za a zubar da abin da bai gama amfani ba, kamar mu ce wannan ai asara ce. Dattijuwar da ta koya min ba ta cika zancen falsafa ba, yawancin abin da ake kawo mata kofin miji ne da ya rasu, ko kwanon shinkafar yaro.

In wani yanki ya ɓace gaba ɗaya fa?

Hanya biyu. Ko a gina wajen da kokuso da sabi har ya dawo siffarsa a rufe da zinare, wani lokacin har a zana ado a kai, ko kuma a samo tsingaron wani kwanon daban mai kusan lanƙwasa ɗaya a gyara bakinsa a dasa shi a gurbin. Wannan na biyun shi ne yobitsugi, za ka ga farin kwano da faci shuɗi mai zanen da ba nasa ba. Yana da wuya sosai, don sai kaurin da lanƙwasar sun dace.

Dole sai zinare? Azurfa fa?

Ba dole ba. Azurfa ta fi kyau ma a kan shuɗi da fari da kuma baƙin kwano, sai dai tana dusashewa ta yi duhu da shekaru, wasu suna son hakan wasu ba sa so. Ana yi da garin kuza, ana yi da na tagulla don sauƙin kuɗi, ana kuma tsayawa a jan urushi ko baƙi kawai ba ƙarfe ko kaɗan, ƙarfin gyaran duk ɗaya ne tunda dama ba ƙarfen ne yake riƙewa ba.

Malam, ya halatta Musulmi ya ci ko ya sha a irin wannan kwanon?

Wannan tambayar ta dace a yi ta, kuma malamai sun yi maganarta tun da daɗewa. Hadisin hana ci da sha a ƙoren zinare da azurfa sananne ne. Sannan a cikin Bukhari an ruwaito daga Anas, Allah ya ƙara masa yarda, cewa kofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage, aka ɗaure wajen tsagar da azurfa, kofin na katako ne. A kan wannan Shafi'iyya da Hanbaliyya suka halatta ɗan ƙaramin faci na azurfa in don buƙata ne, na zinare kuwa suka hana. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa ya halatta in mutum ya kauce wa sa bakinsa a wajen ƙarfen. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Khalil ya kawo zance biyu a kan ƙwaryar da aka yi wa faci da zinare ko azurfa, masu sharhi kuma suka rinjayar da hani. To ka ga ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne, ka kai wa malaminka kwanon ya gani, ka yi masa bayanin cewa gari ne aka barbaɗa a sama. Ni abin da nake yi, duk abin da za a ci ko a sha a ciki da jan urushi nake gama shi, na Hajiya ma haka na yi, kuma jan layin a kan furannin shuɗin nan ya yi kyau ƙwarai.

An ce yana sa ƙaiƙayi, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kar a yi wasa da shi. Duk wanda ya taɓa fasa ƙwallon kashu ruwan ya taɓa masa fata ya san irin abin, dangi ɗaya ne. Ɗanyen urushi yana da sinadarin urushiol, kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ni a wuyan hannu ya same ni, daidai tsakanin safar hannu da bakin riga, ɗigo ɗaya ne ban ma gan shi ba, ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, kusan sati biyu ina fama, dare ne ya fi tsanani. Safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, kar a sosa fuska ana cikin aiki, yara su yi nisa. In ya taɓa fata a goge da man girki tukuna sannan sabulu. In fuska ta kumbura ko abin ya bazu a tafi asibiti.

To in haka ne ba guba ba ne a abinci?

In ya gama sandarewa ba ya cutarwa, mutanen Japan a kwanukan urushi suke shan miya kullum. A dai bar shi kamar wata guda bayan an gama kafin a fara amfani. Kar a sa a maikurowef, kar a ɗora a wuta ko oven, kar a jiƙa shi ya kwana a ruwa, kar a dirje layin da soson ƙarfe. Soso mai laushi da hannu, shikenan.

Na ga ana sayar da saiti a intanet wai a gama cikin awa ɗaya, kuma wani ya ce Araldite da hodar gwal ma ta yi

Wancan gam ɗin kanti ne da hoda mai launin zinare, yawanci ba zinare a ciki sam. Ban ce kar a yi ba, in tukunyar fulawa ce ko abin ado da za a ajiye a kan tebur, ya fi a zubar. Amma yawancin irin gam ɗin nan ba a yi su don abinci mai zafi ba, suna yin rawaya da daɗewa, layin kuma yana fitowa da kauri ya yi tudu kamar an matso man goge baki. Abin da yake ɓata min rai shi ne a sayar wa mutum da wannan da sunan na asali a kuɗin na asali. Akwai ma wanda ake rubuta wa sabon urushi a kwalba alhali fenti ne da aka yi daga ɓawon kashu ko roba. In za ka saya ka tambaya, urushi na bishiya ne? Ana buƙatar akwatin laima? In aka ce yana bushewa cikin minti goma to ba shi ba ne. Kuma dan Allah kar a fara liƙawa da sufa gulu sannan a kawo gyara, cire shi ya fi gyaran wuya.

Zan iya sayen sabon kofi in fasa don in koya?

Mutane suna yi, har a azuzuwan da ake shirya wa ƴan yawon buɗe ido. An ma ce a da can an zargi wasu masu tara kwanuka da fasawa da gangan. Ni dai ba na so. Ka zagaya gidajen ƴan uwa, wallahi cikin sati za ka tara masu ɓantararren baki fiye da yadda za ka iya gyarawa a shekara, kuma ɗan ɓantaren baki shi ya fi dacewa da mai koyo.

Mu ba mu da irin wannan a gargajiyance?

Muna da gyartai. Waɗanda suka tashi a ƙauye za su tuna shi, yana zaune a gefen kasuwa mata suna kawo masa ƙoren da suka tsage, ya huhhuda gefe da gefe da basilla ya ɗinke tsaf, ƙwaryar ta koma wajen nono ko awo, ɗinkin yana nan a fili kowa yana gani. Dabararsa ta fi kusa da ɗinkin ƙarfen da aka yi wa kwanon Yoshimasa. Inda muka bambanta da Japan shi ne matsayin da aka ba mai gyaran, mu har karin magana muka yi, wai ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta, su kuwa gyaran da aka yi shekara 400 yana cikin gilashi a gidan tarihi. Roba da silba sun shigo, yanzu sai ka yi yawo kafin ka ga gyartai ɗaya, kuma ban ga ana ajiye ƙoren da suka ɗinka ba, wannan yana damuna.

Tukunyar ƙasa ko gilashi fa?

Tukunyar girki a'a, tunda wuta za ta hau. Tulu ko kaskon turare na ado ana iya haɗawa, sai dai ƙasarmu tana shan urushi sosai, sai an fara shafa wa bakin tsagar ya sha ya ƙoshi. Gilashi kuma santsinsa ya yi yawa, akwai urushi na musamman da ake haɗawa dominsa, ba aikin mai fara koyo ba ne.

Yanzun nan abu ya fashe min, me zan yi kafin in samu mai gyara?

Kar ki share da tsintsiya. Ki tsuguna ki tsince da hannu a hankali, har ƴan mitsi-mitsin, ki leƙa ƙarƙashin kabad da firij don can suke tsalle. Kar ki riƙa goga su da juna kina gwadawa, bakin yana ƙara marmashewa. In da maiƙo a jiki ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki bar su kwana biyu su bushe sosai, ki naɗe kowanne daban a tishu ko tsohuwar jarida, ƙananan ki zuba a ambulan, ki haɗa duka a roba mai murfi ki rubuta guda nawa ne a jiki. Ko shekara biyar suka yi a haka ba abin da zai same su.